Ko Maganin Ya Isa Kan Yaya

Ranar da muka kai Yaya makwancinshi, layinmu na Ƙofar Durbi ya cika har 'yan kabu-kabu sai sun sauka sun tura babur. Ni aka zaunar a tsakiyar tabarma, don ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Duk wanda ya zo sai ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Kafin la'asar hannun ya gaji, bakin ma ya gaji.

Tsoffin abokan aikinshi na gidan ruwa sun zo a tare, su biyar, duk sun ranƙwafa. Ɗaya ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutum mai naci irin Yaya ba, sauran suka ce wallahi, aka yi ɗan murmushi aka share hawaye. Sabon kansilanmu ya zo da babbar riga tana ƙarar sitati, ya yi dogon jawabi a kan yadda marigayi ya koyar da ɗalibai masu yawa. Yaya bai taɓa riƙe alli ba. Na bar shi ya gama, na ce amin. Wata tsohuwa mai ƙosai daga ƙarshen layi ta tsaya daga nesa ta aiko a ce mani, yanzu wa zai riƙa ƙwanƙwasa mata ƙofa yana tambayar ko ruwa ya zo?

Mutum ɗaya ne bai kama hannuna ba. Babban ɗan Yaya, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Jiyare, unguwar manyan ma'aikata, yana can ƙarshen tabarma yana amsa tashi gaisuwar. Wata takwas ke nan ba abin da ke haɗa mu sai "ina kwana, Baba," shi ma yana kallon ƙasa. A wajenshi ni na sa aka sake tsaga kan mahaifinshi, a kan kalma biyu da ya ce na juya masu ma'ana. Abin da ya fi ci mani rai, a lokacin ni kaina ban da tabbacin ba haka aka yi ba. Shi ya sa na ɗauki biro, da hannun nan nawa da ya fi sabawa da ƙarfen ɓare taya, don in ajiye yadda Yaya yake da yadda abin ya faru, kafin 'yan jawabi su mai da shi hedimasta.

Shekara tara ya ba ni. Shi ya yi makaranta har ya gama, ni na tsaya aji biyu, na ga malamin ya fi son bulala da ni, na bar mashi ajin. Ɗan abin da nake rubutawa a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi bayan na yi furfura. Yaya yana da sa hannu mai lanƙwasa kamar wutsiyar kunama, ni kuma kullum dangwale. In ya ga tawada a babban yatsana sai ya ce, "Auta, yau kuma wace takarda ka taka?" Auta yake ce mani har na aurar da 'ya'ya.

Aikinshi haɗa bututu da gyaran famfo, shekara talatin da wani abu. Abin da aka san shi da shi kuwa bokiti da agogo. Ran da aka ce an saki ruwa, sauran ma'aikata su duba allurar injin su rubuta su tafi shan shayi. Yaya sai ya hau keke ya bi bututun har gidan ƙarshe, ya ajiye bokiti ƙarƙashin famfo, ya zuba wa agogo ido. Ba wanda ya sa shi. Maganarshi ɗaya ce, har yaran unguwa sun haddace: "Kar ka gaya mani abin da ka sako. Gaya mani abin da ya iso."

Akwai wani ogansu da suka taɓa yin sa-in-sa da shi. Ogan ya ce takarda ta nuna ruwa ya wadaci Durbi. Yaya bai musa ba. Ya gayyace shi cin tuwo, ya zaunar da shi, da aka zo wanke hannu ya miƙa mashi buta ba kome a ciki, ya nuna mashi famfon tsakar gida ya ce, "Ranka shi daɗe, bismilla, ga takardarka nan, murɗa." Famfon ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sati bai zagayo ba aka tono bututun, aka tarar saiwar bedi ta shige ciki ta yi gida.

Ni ma ban tsira ba. Duk Juma'a yakan ba ni balangu in kai wa Gwaggonmu a Ƙofar 'Yandaka. Hanya da nisa, nama da ƙamshi, ni kuma ɗan Adam ne. Ashe ran Asabar yakan bi ta wajenta ya tambayi yanka nawa suka iso. Bai taɓa tona ni ba. Juma'ar da ta biyo sai ya miƙo ƙunshi biyu, babba da ƙarami, ya ce, "Ƙaramin na ɓarawon hanya ne, in kun haɗu ka ba shi." Haka muka yi ta yi har Gwaggo ta rasu.

Ciwon ya fara ne lokacin soja na kan mulki. Ya zo rumfata ta faci ya ce in ara mashi cokali, yana nuna sifanar kwance noti. Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi bai yi ba. Daga nan ciwon kai, daga nan ya faɗi a alwala. A babban asibitin koyarwa na wani gari aka ɗauki hoton kanshi, aka ce ƙari ne ya fito a ƙwaƙwalwa, irin na ciwon daji. Na ce, "Yaya, wannan wane irin son kai ne? Duk gidanmu kai kaɗai aka ba ƙwaƙwalwa, kuma har da ƙari?" Matarshi Hajiya ta jefe ni da murfin kwano. Shi kuwa ya yi dariya har likita ya leƙo.

Ni da Hajiya haka muke tun ran da aka kawo ta. In ce mata "matata," ta ce, "Allah shi kiyaye, mai warin roba." Ban taɓa shiga gidan na fita ba ta zage ni ba, ban kuma taɓa fita da yunwa ba.

Aka yi aikin farko, aka cire, aka gasa wurin da na'ura. Ya warware sarai fiye da shekara. Da aka ce soja za su koma bariki, tare muka yi layin zaɓe, ya fito yana kallon yatsanshi da tawada kamar ya taɓa kashin kaza. Na ce, "Yau dai ni da kai ajinmu ɗaya." Ba a daɗe da rantsar da farar hula ba kalmomi suka sake fara ɓace mashi. Hoto ya nuna abin ya dawo, a gefen inda aka cire.

Wannan karon magani aka sa mashi ta jijiya, cikin ƙarin ruwa. Ni ne mai jinya, don ni kaɗai ne in na rufe rumfa ba wanda zai rubuta mani takardar tuhuma. Maganin nan ba ya wasa. Ya zubar mashi da gashi, ya hana shi tuwo, ya mai da shi kamar sandar rake da aka tsotse. Yaya yana kwance yana ƙirga ɗigon da ke sauka. Ran nan likitan ya zo zagaye, wani siriri mai gilashi, ɗan ƙasar Daura, Yaya ya riƙe mashi riga.

"Likita, nawa ka sako?"

Likita ya faɗa mashi.

"Nawa ya iso nan?" Ya taɓa tabon kanshi.

Likita ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Baba, gaskiya ban sani ba. Ba kuma wanda zai gaya maka ya sani." Ya yi mana bayani yadda har ni na gane. Ya ce Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge a jikin jijiyoyinta, mai tace abin da ke cikin jini don kar guba ta shiga. Shingen bai san magani ba, bai san guba ba, duk tare su yake. Su likitoci suna iya auna maganin a cikin jini, amma abin da ya ƙetare ya kai ga ƙarin, sai dai zato.

Yaya ya ce, "Allurar injin kuke dubawa."

Likita bai gane ba, na fassara mashi. Sai ya ce akwai hanya. Dama suna shawarar a sake buɗewa a rage ƙarin don ya daina danne ƙwaƙwalwa. In Yaya ya yarda, za a sa mashi maganin kafin a shiga, a yanko daga tsakiya a yanko daga gefe, a daskarar, a aika wa abokan aikinshi a ƙasar waje su auna abin da ke ciki. Bai ɓoye kome ba. Ya ce aikin na iya ƙara mashi kwanaki, yana kuma iya tafiya da sauran maganarshi. Awon kuwa ba zai warkar da shi ba, sai dai ya amfani waɗanda za su kwanta a gadon bayanshi.

Yaya ya ce zai yi tunani. Aka sallame mu sati biyu. A sati biyun nan bakin ya ƙara rufewa, muryar ta koma shimfiɗe, ba hawa ba sauka, ba ka gane tambaya yake ko umarni.

Muka koma mu huɗu: shi, ni, Hajiya da babban ɗan. An rataya ƙarin ruwa, Hajiya na zaune a tabarma a kusurwa da kwanon kunu, likita ya shigo da takardar yarda. Ya karanta, ya tambayi Yaya. Yaya ya dubi robar da ke rataye, ya daɗe, bakin na motsi. Sannan ya ce:

"Ya isa."

Ɗan ya miƙe. "Alhamdu lillahi. Likita, ka ji da kunnenka. Ya ce ya isa haka nan. A cire mashi, mu tafi gida."

Na ce, "Tsaya, ɗana. Tambaya ya yi. Ya isa? Maganin ya isa can?"

"Baba, don Allah. Nan ba rumfar faci ba ce."

"Na san ubanka shekara sittin. Bai taɓa cewa abu ya ishe shi ba, ko tuwo ne. Isa ɗaya ya sani, ta isowa."

"Mutum ya gaji, ya ce a ƙyale shi, kai kuma ka mai da abin wasa. Takardar nan ma in an ba ka, ta ina za ka fara karanta ta?"

"Ta inda ka ga dama. Kai ka karanta takarda, ni na karanta mai gadon."

Ya ce mi na sani ban da iska da roba. Na ce ko iskar ma sai an auna. Muryoyi suka tashi har ma'aikaciyar jinya ta ce mu tuna akwai marasa lafiya. Na waiga wajen Hajiya ko za ta sa baki. Ta sunkuyar da kai tana juya kunu.

Likita ya ce shi ba zai bi ni ba, ba zai bi ɗan ba, sai mai kan. Na durƙusa gaban gadon na ce, "Yaya, Auta ne. Isa ta gajiya, ko isa ta zuwa?" Ya ɗaga hannun hagu, don na dama ya riga ya yi nauyi. Ya ɗora yatsa a kan siririn bututun robar, ya bi shi a hankali har inda allura ta shiga, ya hau dantse, ya bi kafaɗa, ya bi wuya, ya tsaya bayan kunne. Ya ƙwanƙwasa wurin.

Na ce, "Kun gani? Layi yake bi."

Ɗan ya ce, "Inda ke mashi ciwo yake nunawa."

Likita ya sake tambaya sau uku, da Hausa mai sauƙi: a yi aikin? A auna? Sau uku Yaya ya gyaɗa kai. Ɗan ya ce tun safe yake gyaɗa kai ga duk wanda ya yi mashi magana, har mai shara. Wannan ma gaskiya ne, na gani da idona. Likita ya miƙa biro, yatsun suka kasa riƙewa. Sai Yaya da kanshi ya miƙa hannu wajen tawadar da ke kan faranti, ya dangwala, ya danna a takarda. Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Sannu da zuwa ƙungiyarmu, ranka shi daɗe. Ba a biyan kuɗin shiga." Rabin bakinshi ya yi dariya. Ɗan ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Aka yi aikin. Ya farka, ciwon kan ya lafa, yana gane kowa. Amma maganar ta tafi duka. "Ya isa" ita ce magana ta ƙarshe da wani ya ji daga bakin Yaya a duniya. Kullum in na zo juya shi a shimfiɗa sai in tambayi kaina: in fa yaron nan ne ke da gaskiya? In fa mutumin nan roƙona ya yi a bar shi ya huta, ni kuma na tsaya da surutuna na sa aka ƙwace mashi ɗan abin da ya rage?

Bayan wata biyar likita ya zo Katsina da kanshi, da ambulan ɗin sakamakon awon a hannu. A zaure ya yi mana bayani, ni da ɗan. Ya ce maganin ya shiga tsakiyar ƙarin, inda ciwon ya riga ya farfasa shingen. Amma a gefe, inda ƙarin ya miƙa saiwoyi cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa kuma shingen na nan daram, abin da aka samu kaɗan ne ƙwarai. Daga gefen nan kuwa ciwon ke dawowa. Ya ce mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma shi dai daga yau ba zai ƙara kallon jini ya ce ya san abin da ke kai ba.

Ɗan ya juyo, karo na farko a wata biyar ya dube ni ido da ido. "Baba, kai ka iya tsara zance. Shiga ka ce mashi ya isa ko'ina. A bar shi ya tafi da daɗin rai."

Ni fa ƙarya ba baƙuwata ba ce. Na sha gaya wa mai mota tayarshi za ta kai Legas alhali ko Batagarawa ban da tabbas. Na shiga da niyyar yi. Yaya na jingine da matashi, ya ga ambulan, idanun suka tsaya a kaina. Irin kallon ran Asabar ne, in ya dawo daga gidan Gwaggo.

Na ce, "Yaya, gidajen bakin titi sun samu. Na ƙarshen layi ba su samu ba. Ɗigo-ɗigo ne."

Ya lumshe ido. Ya daɗe. Sannan ya bugi gwiwata sau biyu da hannun hagu, ya juya fuska bango. Na fito ban san ko godiya ya yi ko sallamata ya yi ba. Wata uku bayan nan, ranar wata Talata da hantsi, Allah ya karɓi abinshi.

Ran sadakar bakwai, bayan an watse, na shiga cikin gida gaida Hajiya. Tana zaune bayan labule cikin takaba. Na yi sallama ban ce "matata" ba, ita ma ba ta ambaci roba ba.

Ta ce, "Auta, zauna. Mutane sun ce ka rame."

"Rashin zaginki ne, Hajiya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sati biyun nan da aka sallamo ku, kana tunawa? Malam ya kira ni ɗaki. Da ƙyar yake haɗa magana, amma ya haɗa. Ya ce yana so a yi aikin, yana so a auna. Ya ce in bakinshi ya ƙi ranar, ni in faɗa masu. Na ce to."

Na ji kamar an zare mani wani abu daga ƙirji, na kuma ji wani ya shiga. "Hajiya, kina zaune a wurin. Kina juya kunu."

"Ina zaune. Ina jin ku. Ina roƙon Allah yaron nan shi kayar da kai." "Shekara arba'in da biyu, Auta. Ni mijina nake so a ba ni in kawo gida da ɗan bakinshi, ko sunan buta ne shi riƙa kira na da shi. Mi ya dame ni da awo? Da ya bi robar nan da yatsa, ni yake kallo, ba kai ba. Na ƙi ɗagowa."

Duk tsiyar da ke bakina ta gudu. Na ce, "Wata takwas, Hajiya."

"Na sani. Na bar ka da shi, na bar yaron nan yana ƙin ka. Ka yafe mani. Je ka kira shi. Amma ka dawo ka zauna nan, ba zan iya ni kaɗai ba."

Na same shi yana naɗe tabarmi. Na ce, "Uwarka na kira." Muka shiga, na zauna bakin ƙofa, ta maimaita mashi kalma da kalma, ba ta rage wa kanta kome ba. Ya tashi ya fita, na ji tashin motarshi.

Kwana biyu bayan nan na buɗe rumfa. Ban gama ɗaura tsumman aiki ba sai ga motar Jiyare ta tsaya. Ya fito da kayan ofis, ya durƙusa har ƙasa a cikin baƙin mai, ya gaida ni, ya tambayi kwanan iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, yana kallon gefe, "Baba, ko za ka duba mani tayoyin nan? Kamar ba su yi mani daidai ba."

Tayoyi huɗu sababbi, lafiyarsu lau, ko makaho ya shafa ya sani. Na jawo mashi benci na ce zauna, aikin zai ɗau lokaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har safayar da ke cikin but na sa ya fito da ita.

Allah shi jiƙan Yaya, shi yafe mashi, shi haskaka kabarinshi. Shi ba Hajiya sanyin zuciya. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah shi sa akwai mai gane abin da muke nufi.